YADDA AKE AUNA TASWIRAR JIRGIN ƘASA

Jama'a, kowane ɗalibi ya san taswira tun daga firamare, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa su tambayi kansu ko taswirar da ke gabansu mai kyau ce ko kuwa ta banza ce. Mun saba duk abin da muka gani an buga a littafi sai mu ɗauka ba shi da aibi. Alhali kuwa taswira aikin hannun ɗan Adam ce, kamar ɗinkin riga ko ginin ɗaki. A cikin masu yin ta akwai gwani, akwai ɗan koyo, akwai kuma wanda ya iya ado amma bai san inda ake sa ƙofa ba. A wannan ɗan rubutu nawa zan tsaya ne a kan taswirar hanyoyin jirgin ƙasa, watau irin wadda ake mannawa a bangon tasha ko cikin tarago saboda fasinja, in nuna yadda mutum zai auna ta ya san darajarta.

Kada wani ya ce wannan ƙaramar magana ce. Mu da muke duba taswira a aji a zaune muke, ga Malam kusa, in mun ruɗe mu ɗaga hannu. Fasinja kuwa a tsaye yake, kaya a ka, yaro a hannu, ga jirgi yana ta busa. In taswira ta yaudare shi ya shiga jirgin da ba nasa ba, ko ya zarce tashar da ya kamata ya sauka ya canja, to kuɗin tikiti sun tafi, wataƙila ma ya kwana a kan benci a garin da bai san kowa ba. An ce matambayi ba ya ɓata, gaskiya ne, amma fa sai in ya sami wanda ke jin harshensa. Abin da fasinja ke tambayar taswira bai wuce wannan ba: ina nake yanzu, wane jirgi zan shiga, a ina zan canja, tasha nawa ta rage in sauka. Duk abin da mai zane ya ƙara bayan wannan, sai ya kawo hujjarsa.

A birnin Landan na ƙasar Ingila aka fara fama da wannan matsala sosai, gama a can ne aka buɗe hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta farko a duniya, a 1863. Kafin a kai 1930 layuka sun yi yawa, wasu sun miƙa har unguwannin bayan gari masu nisa. Taswirorin wancan zamani suna ƙoƙarin bin ƙasa yadda take, duk inda dogo ya lanƙwasa su ma su lanƙwasa. Sakamakon haka sai tsakiyar birni, inda tashoshi suka fi yawa kuma mutane suka fi canja jirgi, ta cunkushe kamar taliyar da aka tsame daga tukunya, sunaye suna hawan juna. Can gefe kuwa ga fili fetal, ba kome sai layi ɗaya yana tafiya shi kaɗai.

Sai wani ma'aikacin kamfanin jirgin mai suna Harry Beck, wanda aikinsa shi ne zane a ofishin sigina, ya fito da wata dabara a 1931, lokacin bai cika shekara talatin ba. Tunanin nasa mai sauƙi ne. Mutumin da ke cikin rami ba ya ganin titi, ba ya ganin gida, bai damu ba ko dogo ya karkata gabas ko yamma. Abin da ya dame shi shi ne jerin tashoshi, wace ke bin wace, da kuma inda layuka suka haɗu. Saboda haka Beck ya miƙar da dukan layukan. A zanensa layi yana tafiya ne a kwance, ko a tsaye, ko a karkace daidai digiri 45, ba na huɗu. Ya buɗa tsakiyar birni kamar an sa mata madubin ƙara girma, ya matse bayan gari, ya jera tashoshi da tazara kusan iri ɗaya kamar duwatsun wuya a zare. Tashar da ba a canja jirgi ya yi mata ɗan gajeren tsinke a jikin layi, mahaɗa kuwa ya yi mata alama dabam wadda ido zai fara faɗawa a kai. Ya share tituna duka. Abu ɗaya ya bari na bisa ƙasa, shi ne kogin Tems, shi ma ya miƙar da shi.

Da ya kai wa manyansa, da fari sun ƙi, suna ganin abin ya yi nisa da abin da jama'a suka saba. Daga baya suka yarda a gwada, aka buga ta a ƙaramar takarda mai shiga aljihu a farkon 1933, mutane kuwa suka yi ta wawa. Yau birane da yawa a duniya tsarinsa suke bi. Shi kansa abin da aka biya shi bai taka kara ya karya ba, a 1960 ma aka karɓe aikin daga hannunsa aka ba wani. Ya rasu a 1974, sai bayan ransa aka koma rubuta sunansa a gindin taswirar. Wannan dai tsokaci ne, mu koma kan magana.

Malaminmu na labarin ƙasa yana da irin wannan ta aljihu, ya ara wa ƙungiyarmu ta labarin ƙasa. Na kai ta ɗakin kwana na yi wani gwaji da na sa wa suna gwajin yatsa. Na kira yaran aji ɗaya, waɗanda ba wanda ya taɓa wuce Kaduna a cikinsu, na nuna musu filin jirgin sama na Heathrow, na ce kowa ya ɗora yatsa ya kai ni tashar King's Cross. Sai kawai suka bi layi mai launin shuɗi mai duhu, watau Piccadilly, har suka isa ba tare da ɗaga yatsa ba. Na ce to a kai ni Westminster. Nan suka ɗan yi gardama, amma ba da jimawa ba suka gane sai an sauka a hanya an shiga koren layi, watau District. Ba su iya faɗin sunayen daidai ba, amma ba su ɓata ba. A ganina wannan shi ne awo na farko, kuma ya fi kowane nauyi: baƙon da bai san gari ba ya iya bin layi da yatsa daga farko har ƙarshe, layin bai ɓace masa a ƙarƙashin wani ba, bai kuma rasa inda zai canja ba.

Amma fa taura biyu ba ta taunuwa. Abin da Beck ya samu na sauƙin karatu, da gaskiyar nisa ya saye shi. Alal misali, tsakanin tashar Leicester Square da ta Covent Garden bai fi mita 260 ba, watau bai kai tsawon filin ƙwallonmu uku ba. Baƙo yakan sayi tikiti, ya gangara rami, ya jira jirgi, ya sake hawowa, alhali da ƙafa da tuni ya isa. Haka kuma tashar Bayswater da ta Queensway a titi ɗaya suke, kusa da juna, amma a taswira kowace tana kan layinta, sai mutum ya zaci sai ya canja jirgi kafin ya je ɗaya daga ɗaya. Hukumar sufurin birnin ta san da wannan, shi ya sa a 2015 ta fitar da wata taswira mai nuna minti nawa ake yi da ƙafa tsakanin tashoshi. To ashe taswirar da duniya ke yabo ita ma tana da inda take ƙarya. Abin dubawa shi ne ko ƙaryar tana cutar da fasinja ƙwarai, ko kuwa amfanin da ta kawo ya rinjaye ta. A Landan na ga amfanin ya rinjaya.

Akwai kuma iyaka ga abin da za a share. A 2009 hukumar ta cire kogin Tems daga taswirar don a rage cunkoso. Mutanen gari suka yi ca, har magajin garin na lokacin, Boris Johnson, ya sa baki, kafin shekara ta ƙare aka mayar da kogin. Dalili kuwa a fili yake. Kogin nan shi kaɗai ne ke gaya wa mutum ko yana arewa ko yana kudu. Kamar a zana wa mutum Lakwaja ne a bar Kwara da Binuwai.

A birnin Niyu Yok na Amurka abin ya fi haka zafi. A 1972 aka fito da taswirar da wani gwanin zane ɗan asalin Italiya, Massimo Vignelli, ya jagoranci yin ta. Na ga hotonta, kuma in don kyau ne, ban ga wadda ta kama ƙafarta ba. Kowane jirgi da zarensa, kowace tsayawa da ɗigonta, ba ƙazanta ko kaɗan. Sai dai ga mutanen garin kyan ɗan maciji ta zama. Ruwan da ya kewaye birnin an shafa masa launin ƙasa-ƙasa maimakon shuɗi, lambuna kuma aka yi su ruwan toka. Babban lambun tsakiyar birnin, Central Park, wanda tsawonsa ya kai kilomita 4 faɗinsa kuwa bai cika kilomita ɗaya ba, sai ga shi a taswira kamar akwatin da tsawonsa da faɗinsa suka kusa zama ɗaya. Mutanen Niyu Yok kuwa titunansu a jere suke da lambobi, sun saba su duba taswirar jirgi su san a wane titi za su ɓullo. Aka yi ta ƙorafi har aka janye ta a 1979, aka kawo wata mai bin ƙasa, ruwa shuɗi, lambu kore. Abin mamaki, a 2025 hukumar jiragen birnin ta sake komawa ga zane irin na Vignelli, amma da gyara. Ni dai ina ganin wayar hannu ce ta jawo haka, tun da yanzu ita ke nuna wa mutum titi, taswirar bango ta huta da wannan aiki. Darasin da na ɗauka daga nan shi ne, ba a auna taswira a kan tebur ita kaɗai. Sai an san mutanen da za su riƙe ta, da abin da suka saba nema a cikinta.

Maganar launi ma tana da zurfi fiye da yadda ake zato. Launi shi ke raba layi da layi, amma launukan da ido ke bambantawa da sauri ba su da yawa: ja, kore, shuɗi, rawaya, baƙi, ruwan ƙasa, sai 'yan kaɗan. Landan tana da layukan ƙarƙashin ƙasa 11 da tashoshi 272, ga kuma wasu layukan da aka yi ta cusawa a taswirar, kamar layin Elizabeth da aka buɗe a 2022. Rubutun ya ƙanƙance, har wasu na cewa ta koma cunkoson da Beck ya yi gudu. Bugu da ƙari akwai mutanen da aka haifa ba su bambanta ja da kore, a Turai kusan namiji ɗaya ne cikin goma sha biyu. Taswirar da ta dogara ga launi kaɗai ta yar da waɗannan. A Tokiyo ta ƙasar Japan sun yi wa abin magani, kowane layi ban da launinsa yana da harafi, kowace tasha kuma tana da lamba. Layin Ginza harafinsa G ne, saboda haka wanda ya hau a tasha ta 9 zai sauka a ta 16 ya san tasha bakwai ke gabansa, ko da bai iya karanta rubutun Japanawa ba. Ga wani gwaji mai arha da kowa zai iya: a kai taswira wurin mai hoton takarda a buga ta baƙi da fari. In har ana iya bin layukan, mai zanen ya san aikinsa.

Wadda ta fi burge ni duka ita ce ta birnin Meziko. Sa'ad da aka buɗe jirginsu a 1969, mutane da yawa a birnin ba su iya karatu ba. Sai aka yi wa kowace tasha hoto nata, ƙarƙashin jagorancin wani mai zane Ba'amurke, Lance Wyman. Tashar Chapultepec hoton fara ne, domin ma'anar sunan a harshen mutanen ƙasar na asali ita ce dutsen fara. Tashar Candelaria kuwa agwagwa ce. Da na je hutu na ba kakata wannan labari, ita da ba ta yi boko ba. Ta yi dariya ta ce, "Kai dai angona, da haka aka yi mana, da ban riƙa jan rigar mutane a tasha ina tambaya ba. A sa wa Kano dala, a sa wa Zariya ƙofa, ka ga ko zan ɓata." Iyayenmu da ke karanta wannan mujalla sun san irin su Kaka ba kaɗan ba ne a tarago. Wasunsu kuma suna karanta ajami sarai. Ban ga abin da zai hana a rubuta sunan tasha da boko da ajami ba a taswirar da za a manna a Arewa.

Wannan ya kawo ni gida. Hanyoyin jirgin Nijeriya ba su da wuyar zanawa. Akwai layin yamma da ya taso daga Ikko ya bi ta Abekuta, Badun, Ilori, Jaba, Zungeru, Minna, Kaduna, Zariya, har Kano, inda jirgi ya fara isa a 1911, daga baya aka miƙa shi Nguru. Akwai layin gabas daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi zuwa Kafanchan, inda ya rabu, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos. Daga Kuru kusa da Jos aka ja wani ta Bauchi da Gombe, ya isa Maiduguri a 1964. Daga Zariya kuma reshe ya tafi Funtuwa, Gusau, da Ƙaura Namoda. To shin mu ɗauki dabarar Beck mu miƙar da su, mu jera tashoshi da tazara ɗaya?

Ni na ce a'a, ko kuwa a ɗauki rabi a bar rabi. A Landan jirgi na zuwa bayan 'yan mintoci, tsakanin tasha da tasha kuma minti biyu ne ko uku, saboda haka nisa bai dami kowa ba. A nan kuwa daga Ikko zuwa Kano kilomita 1,126 ne. Nisa shi ne kuɗin tikiti, shi ne yawan guzurin da uwa za ta ɗaura wa ɗanta, shi ne ko mutum zai kwana a tarago. Taswirar da ta nuna Kaduna zuwa Zariya daidai da Minna zuwa Kaduna ta cuci fasinja. Ana iya miƙar da ƙananan lanƙwasa, ana iya ƙara girman mahaɗa irin su Kaduna da Kafanchan, amma a bar tsawo ya yi kama da gaskiya, ko a rubuta kilomita tsakanin manyan tashoshi. Kwara da Binuwai kuwa dole su zauna, kamar yadda Tems ya zauna.

Akwai wani aibi da ya fi wannan muni, na kuma gan shi a taswira fiye da ɗaya cikin littattafan da muke karantawa. Sukan zana dukan layuka da baƙin zare iri ɗaya, kamar duk abu guda ne. Alhali tsohon dogon da Turawa suka shimfiɗa tazarar ƙarafansa milimita 1,067 ce, sababbin kuwa, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da na Itakpe zuwa Warri na 2020, da na Ikko zuwa Badun na 2021, tazararsu milimita 1,435 ce. Jirgin wannan ba ya hawa dogon wancan. Wanda ya ga zare ya taso daga Abuja ya taɓa ɗigon Kaduna, wani zaren kuma ya tashi daga ɗigon nan ya nufi Kano, zai ɗauka zama ɗaya zai yi. Bai sani ba jirgin Abuja, bayan tafiyar kilomita 186, a Rigasa yake tsayawa, tsohuwar tashar Kaduna kuwa tana wani gefen gari dabam. Ɗigo ɗaya a nan ƙarya ne, biyu ya kamata a yi. Haka nan layin da jirgin fasinja ya yi shekaru bai bi ba, kamar na Maiduguri, bai kamata a zana shi da kauri ɗaya da wanda ke aiki ba. Na ma taɓa ganin wata tsohuwar taswira da ƙaramin layin Zariya zuwa Jos a jiki, wanda aka rufe tun 1957. Ita ba ta yi laifi ba, a zamaninta gaskiya ta faɗa. Mai laifi shi ne wanda ya kwafe ta bai duba shekara ba.

Da waɗannan dalilai ƙungiyarmu ta zana tata a babban kwali a zangon da ya wuce, tana nan manne a ɗakin karatu ga duk mai son ya gwada ta da yatsa. Sabon dogo mun yi shi da ja mai kauri, tsohon da baƙi siriri, don ko an buga ba launi kauri ya raba su. Inda jirgin fasinja ya daina bi mun yi shi da ruwan toka. Kaduna ɗigo biyu muka ba ta. Inda muka fi daɗewa muna gardama shi ne layin Kano zuwa Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, wanda zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, aka kuma aza harsashinsa a 2021. 'Yan Katsina da ke cikinmu suka dage sai an ja shi da ja sosai. Sauranmu muka ce layin da ba a sayar da tikitinsa ba tukuna ba a ja shi kamar wanda ake hawa. Malam ya raba gardamar, aka yi shi da ɗigo-ɗigo, aka rubuta "ana kan aiki" a gefensa, sa'an nan a kusurwar kwalin ta dama daga ƙasa muka rubuta wata da shekarar da muka yi zanen.